Ƙafar da Kawu Ya Auna da Safe

A gidanmu ni ce mai ajiyar takardu. Ba wanda ya naɗa ni. Ina aji biyu a sakandare Mama ta yi kwana uku tana neman takardar haihuwar ƙanwata, ni kuma na zaro ta daga cikin wani tsohon littafin lissafi, shi ke nan aka miƙa mini baƙar jakar nan mai zif biyu aka ce in ji da ita. Duk takardar da ta shigo gida a cikinta take ƙarewa, a jere bisa kwanan wata. Saboda haka ne Kawu yake kirana Sakatariya, saboda haka ne kuma na fi kowa sanin tarihin aikinsa, tunda takardun sallama uku da aka taɓa ba shi duk suna hannuna.

Kawu ƙanin Mama ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, don haka Kaka da Mama Auta suke ce masa har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A layinmu kuwa Duba-Ƙasa ake kiransa, domin in kun haɗu ba fuskarka yake fara kallo ba, ƙafarka yake kallo. Wasu sun ɗauka kunya ce. Wasu suka ce wani abu ya yar tun yana yaro, har yanzu bai haƙura da nema ba. Kaka ta ce duk ba haka ba ne, da abinsa aka haife shi. Yana ɗan shekara biyar aka yi baƙi, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya shigo tsakiyar mutane ya nuna wani babban mutum da yatsa ya ce, "Wannan ƙafarsa ta hagu tana masa ciwo." Mutumin ya saki baki, don ko matarsa bai gaya wa ba. Kaka ta ce kunnensa ta ja a ranar, ta gargaɗe shi cewa ba a bincika takalmin baƙo.

Da ya gama sakandare ya fara da aikin masinja a wani ofis, ya yi shekara biyu. Takardar sallamarsa layi huɗu ce, abin da ke ciki shi ne yana daɗewa a hanya. Gaskiya ne kuwa. Akwai wani mai gyaran takalmi a gindin bishiya tsakanin ofishin da gidan waya, in Kawu ya tsaya gaishe shi, wasiƙar safe sai yamma take isa. Daga nan aka sa shi a otal, wurin karɓar baƙi, aka ba shi kwat, har hoto muka ɗauka. Takardar sallamar otal ɗin cewa ta yi ba ya ɗaga kai ya dubi baƙo in ana masa magana.

Na uku shi ne shagon sayar da takalma, wanda duk muka ce to, yanzu kam an kai mai abu wurin abinsa. Wata bakwai aka yi. Takardar ta fi sauran tsawo, kuma da gani mai shagon rai a ɓace ya rubuta ta, don biron har ya huda ta a wuri biyu. Ya ce Kawu yana hana mutane saye. Mace za ta sa takalmi mai tsini tana juyi a gaban madubi, sai Kawu ya durƙusa ya latsa gaban ya ce, "Wannan kafin ki kai bakin titi zai ci miki ƙaramin yatsa." Mai shagon ya rubuta cewa a mako guda mutum goma sha ɗaya suka fita hannu rabbana, kuma abin da ya fi ba shi haushi, kowannensu yana fita yana godiya.

Bayan wannan ne Kawu ya dawo gidanmu da zama, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar shigowa, yana da shekara talatin da shida. Ba ya zaman banza. Ya gyara famfo, ya yi cefane, ya ɗinke duk takalmin da ya buɗe baki a gidan. Sai dai mutumin da a da in yana wanka duk gida ke jin waƙarsa, yanzu ƙarar ruwa kawai ake ji.

Baba yana son Kawu, amma son nasa da zolaya yake zuwa, irin ta mutum da ƙanin matarsa. Wata rana muna cin abinci ya ce, "Auta, na samo maka aikin da ba za a kore ka ba. Abokina mai sito, mai kula masa da kaya zai ajiye aiki nan da wata huɗu. Kwali ne da buhu daga safe har yamma. Ba mai ƙafa a cikinsu, balle ya ɗauke maka hankali."

Kowa ya yi dariya, har shi Kawun. Ya ce, "To, Yaya, na gode." Amma Mama ta ga yadda ya ajiye cokali bai sake ɗauka ba. Washegari ta ce masa ta ji labarin wani ofis a bayan ɗakin karatu inda ake ba mutane shawara kan aiki da sana'a, ya daure ya je kafin wata huɗun su cika, ni kuma in raka shi da takardu.

A hanya ya ce mini, "Sakatariya, takardun makaranta kawai za ki fito da su. Waɗancan ukun ki bar su a ƙasan jaka." Na ce to. Amma fayil ɗinsa guda ɗaya ne, kuma da zare na ɗaure shi. Ban yi tunanin kwancewa ba sai da na riga na miƙa.

Ofishin ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu, da fanka mai ƙara da kujeru uku waɗanda ba mai kama da wata. Mai ba da shawarar mace ce mai kimanin shekara hamsin, tabarau a rataye a wuyanta, kowa Malama yake ce mata. Ta wuce takardun makaranta da sauri, ta tsaya a kan na sallama. Kawu ya aiko mini da harara ta gefen ido. Ta karanta ta farko ta yi murmushi, ta biyu ta ɗaga gira, ta uku kuwa sai da ta cire tabarau ta share hawaye.

"Ka yi haƙuri, Malam, ba kai nake wa dariya ba. Mutum goma sha ɗaya, kuma suna godiya!"

"Laifina ne, Malama."

"Ban tambayi mai laifi ba. Ni a aikin nan takardar yabo ba ta cika gaya mini komai ba, kowa a cikinta mai ƙwazo ne mai ladabi. Amma wanda ya kore ka, ai sai da ya zauna ya lura da kai. Ga mutum uku da ba su san juna ba, kuma abu ɗaya suka gani." Ta tura kujera baya ta miƙo ƙafafunta daga ƙarƙashin tebur. "To, ga nawa. Me ka gani?"

"A faɗa?"

"A faɗa."

Kawu ya sunkuya kaɗan. "Dunduniyar dama ta fi cinyewa ta waje. Kina rataya jaka mai nauyi a kafaɗa ɗaya. Kuma in kina hawan benen nan, gwiwar dama ce take fara ƙorafi."

Malama ta juyo gare ni. "Ke kika gaya masa?"

Na ce, "Yau na fara ganinki, Malama."

Ba a ranar ta yanke shawara ba. Sau uku ta sa ya dawo, tana tambayarsa abin da ke gundurarsa da abin da ke sa shi mantawa da yunwa. Ta aike shi ya wuni a wata masana'antar takalma, ya dawo da ciwon kai, ya ce inji yana fitar da dubu iri ɗaya kamar duk duniya ƙafa ɗaya gare ta. A zuwa na uku ta rubuta 'yar wasiƙa ta sa a ambulan, ta kwatanta masa shagon wani dattijo da ke ɗinka takalma ga masu lalurar ƙafa: wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, mai ciwon suga da ba a so komai ya goge masa fata, wanda tafin ƙafarsa ya karkace.

Ta ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. Dattijon nan hannunsa a buɗe yake, bakinsa ne a rufe. Ba ya bayani sai an tambaye shi. Ka riƙa tambaya."

Kawu ya ce to. Amma mutumin da aka kora sau uku ya riga ya saba da yin shiru a gaban maigida.

Shagon dogo ne siriri kamar lungu, tun daga waje ake jin warin gam da fata. Bangon duka kantoci ne cike da ƙafafun katako, kowace da lamba a jiki, kowace an sassaƙa ta ne daidai da ƙafar wani mutum. Dattijo gajere ne mai farin gira, kullum da ƙananan ƙusoshi a gefen baki, don haka maganarsa ta ɗaya gefen take fitowa. Ya karanta wasiƙar Malama, ya dubi Kawu sama da ƙasa.

"Wata uku. A ƙarshe za ka yi takalmi kai kaɗai, daga awo har ɗinki, ba zan sa hannu ba. Mai shi ya yi mako guda yana aiki da shi. In bai dawo da shi ba, ka zauna. In ya dawo da shi, ƙofar da ka shigo tana nan."

Mako biyun farko ko basilla bai bari ya taɓa ba. Benci ya ajiye masa a bakin shago ya ce ya zauna ya kalli masu wucewa, da yamma ya ba shi labarin tafiya biyar da ya gani. Kawu ya ce da ya ji haka har waiwaye ya yi, ko da wani ake, don abin da aka kore shi a kansa sau uku ne yau aka ce shi ne aikin. Daga nan aka shiga yankan fata, da ɗinki, da yadda ake jera roba a ƙasan takalmi har gajeriyar ƙafa ta kamo doguwa ba tare da kowa ya lura ba. Yana dawowa gida yatsunsa duk gam. Wata safiya muka ji waƙa daga banɗaki, Mama ta daina tankaɗe ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku saurara, Auta ya dawo."

Akwai abu ɗaya da Kawu ya lura da shi bai tambaya ba. Dattijo ba ya auna ƙafa sai bayan la'asar. Duk wanda ya zo da safe, "Ka dawo da yamma" yake ji. Da yake da safe tsohon yana zama da kofin shayi da rediyo ba ya son hira, sai Kawu ya yanke a ransa cewa halin tsufa ne kawai.

A mako na goma sha ɗaya Dattijo ya ce duk wanda ya fara shigowa gobe neman sabon takalmi, na Kawu ne. Washegari ya tafi sayen fata, Kawu ya buɗe shago ƙarfe bakwai. Bai gama shara ba sai ga wata mata ta shigo tana ɗingishi. Babbar ma'aikaciya ce a wani gidan wanki da guga, shekara ashirin da biyu tana tsaye a gaban tebur, abokan aikinta suna ce mata Uwar Guga. Ta karye tana yarinya, ƙafar hagu ta warke a gajarce, kamar faɗin yatsa biyu.

"Yaro, ina tsohon?"

"Ya fita, Gwaggo. Amma ni zan yi miki."

"To yi sauri. Takwas nake kama aiki, ba na tashi sai shida. In ka ce mini jeki ki dawo, ba ka ƙara ganina ba."

Kawu ya shimfiɗa takarda ya zana ƙafafunta, ya auna da tef ta ko'ina, ya sake aunawa. Kwana shida ya yi a kan takalmin, ruwan ƙasa mai laushi, ɗinkin kamar an ja da rula. Dattijo ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗinki ya yi," bai ƙara komai ba. Uwar Guga ta zo da sassafe ta sa, ta taka har bakin ƙofa ta dawo, ta tafa hannu ta ce, "Yau kam ƙasa ta daidaita!"

A rana ta uku da yamma ta dawo da tsohon silifa a ƙafa, takalmin a hannu. Ta dangwara shi a kan tebur.

"Da safe kamar in yi rawa da shi. Daga azahar kuwa kamar an maƙale mini ƙafa a ƙofa. Ku riƙe abinku."

Bayan ta fita Dattijo ya zare ƙusa ɗaya daga baki. "Ƙarfe nawa ka auna?"

"Bakwai da kwata, Maigida."

"Uhm." Ya buga ƙusar. Sannan ya ce, "Na ce in an dawo da shi ƙofa tana nan. Amma kuma wata uku na ce, saura kwana tara. Kwanakinka ne, ka yi yadda ka so da su. In ka miƙa wani kafin su cika, zan jira makon."

Washegari Kawu bai nufi shago ba, ofishin Malama ya tafi, don ya yi mata godiya ya kuma gaya mata zai karɓi aikin sito. Ban je ba, amma su biyun duk sun ba ni labarin, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta saurare shi har ya gama.

"Da ya tambaye ka ƙarfe nawa, ka tambaye shi dalili?"

"A'a."

"Ai na sani." Ta girgiza kai. "Ni ban san takalmi ba, Malam. Amma na san da safe ni mutum ce mai haƙuri, ƙarfe biyar na yamma kuma wata ce daban, ka tambayi maigidana. Ƙafar da ka auna daga gado ta taso. Ka taɓa ganinta a wurin aiki?"

"A'a, Malama."

"Sito ba zai gudu yau ba. Ka je ka wuni da ƙafar nan, in ya so gobe ka dawo ka yi mini godiyar."

Haka Kawu ya bayyana a gidan wanki ƙarfe tara da tef a wuya. Babban ɗaki ne mai tebura shida, tururi ya cika shi, ƙasan siminti kullum a jiƙe. Ya roƙi mai wurin, ya roƙi Uwar Guga, wadda ta ce in dai ba zai tsayar mata da aiki ba ya yi ta awonsa har ya gaji. Ya samu bokiti ya kifa a kusurwa ya zauna. Duk bayan awa biyu sai ya taso ya durƙusa a gabanta ya naɗa tef. Matan wurin kuwa abin nema ya samu.

"Uwar Guga, ashe kin yi saurayi ba mu sani ba!"

"Ku ga ladabi, har ƙasa yake gaisuwa."

"Bawan Allah, in neman aure ne ka ɗago kai, fuskar tana sama."

Uwar Guga ta ce, "Ku rabu da shi, ku da ko mai tambayar ƙafarku ba ku da shi."

Kawu yana dariya yana rubutu a bayan katin karɓar kaya. Ƙarfe goma sha ɗaya awon ya ɗan motsa. Ƙarfe ɗaya ya ƙaru sosai. Zuwa ƙarfe biyar, bayan ƙafar ya kumbura da kusan faɗin yatsa guda. Abin da ya fi ba shi mamaki, ba gajeriyar ƙafar da ya zuba wa ido ce ta fi kumburi ba, lafiyayyar ce, don a kanta matar take jingina duk nauyinta in tana danna dutsen guga. Ya kuma ga sau biyu santsi yana neman kwasarta a jiƙaƙƙen simintin. Ya san tafiya, ya san takalmi, amma bai taɓa auna ƙafa ɗaya sau biyu a rana guda ba sai ranar.

Daga can shago ya wuce, ya tarar Dattijo yana shirin rufewa. Ya jera masa katunan a kan tebur.

"Maigida, shi ya sa ba ka awo sai bayan la'asar?"

Dattijo ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu, karo na farko da Kawu ya ga bakinsa duka. "Wata uku ina jira ka tambaya. Me ka ɗauka? Barci nake ji da safe?"

"Wallahi haka na ɗauka."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya jawo sabuwar fata daga kan kanta ya jefa masa. Ranar sai da ya yi ta amsa tambayoyi har ya ce, "Kai, ya isa, ka bar na gobe."

Takalmi na biyu bai kai na farko kyau ba, Kawu da kansa ya faɗa. Gabansa ya fi faɗi, na dama ya fi na hagu sakewa, ya sa masa igiya don ta riƙa sassautawa in rana ta yi, ƙasan kuma roba ce mai gurzi-gurzi da ba ta santsi. Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya wata ukun su cika, ya kai mata da kansa ƙarfe shida, lokacin da ƙafar ta gama cika. Ta sa ta ce, "Za mu gani." Mako guda ya fara ƙirguwa.

Sai kuma ga wata sabuwa. Ranar Asabar Baba ya dawo ya ce abokinsa mai sito ya kira, mai kula da kayan ya matso da tafiyarsa, don haka Litinin yake son amsa, in ba haka ba akwai wani yana jira. Gwajin Kawu kuwa sai Alhamis zai cika. Muna zaune a tabarma, kowa ya dubi Kawu.

Ya ce, "Yaya, ka yi masa godiya, ka ce ya ba wancan."

"Auta, ka yi tunani. In matar nan ta sake dawowa da takalmi a hannu fa? Ka rasa nan, ka rasa can."

"Sai in sake ɗinka wani, ko a gindin bishiya ne. Na san abin da nake so in tashi da safe in yi, Yaya. Ban taɓa sani ba sai bana."

Ya faɗi haka ne yana kallon Baba ido cikin ido. Baba ya shafa haɓa, sannan ya juya wurin Mama ya ce, "Ƙara masa nama. Yau ƙaninki ya yi magana irin ta masu gemu."

Kwanakin nan biyar ba wanda ya zauna lafiya a gidanmu. Kullum in Kawu ya shigo, Mama ba ta tambaya da baki, gira kawai take ɗagawa, shi kuma ya girgiza kai, ma'ana ba ta zo ba, sai kowa ya yi ajiyar zuciya. Kaka ta kira waya sau uku daga gidanta tana tambaya ko a je a roƙi matar. Kawu ya so ya zaga ta gidan wankin ya leƙa, Dattijo ya hana shi, ya ce wanda aka leƙa kunya yake ji ya faɗi gaskiya.

Ranar Alhamis na kasa haƙuri. Na zuba abinci a kwano na ce zan kai masa, ko da yake ya tafi da nasa. Na samu wuri a kan bencin bakin ƙofa na zauna. Huɗu ta yi, biyar ta yi, shida ta wuce da kwata. Kawu yana goge almakashin da ya riga ya goge sau uku. Dattijo ya miƙe ya fara tattara kaya. Sai muka ji murya tun daga tsallaken titi.

"Ina yaron nan? Ina mai tef ɗin nan yake?"

Almakashin ya faɗi daga hannun Kawu. Uwar Guga ta faɗo shagon tana huci, da leda a hannu.

"Kai, wane irin aiki ne wannan ka yi mini? Mako ɗaya tak! Ruwan sitaci ya ɗiga a kai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na goge da tsumma, na goge da ruwa, ya ƙi fita. 'Yata ta ce in ba ta ta wanke da sabulu, na ce in ta taɓa shi sai mun ɓata. To ni yanzu da wane ido zan shiga mota da shi?"

Kawu ko ƙafarta bai duba ba. Ledar kawai yake kallo. Dattijo ko juyowa bai yi ba, yana rataye guduma a ƙusa ya ce, "Kai, a hannu ta kawo shi ko a ƙafa?"

Sai a lokacin Kawu ya duba. Takalmin yana ƙafarta, igiyar a sassauce, duk ɗigon sitaci. Ledar kuwa lemo ne a ciki.

"A ƙafa, Maigida."

"To me kake jira? Ɗauko man takalmi ka goge wa baiwar Allah abinta, ka nuna mata yadda ake yi. Gobe kuma ka zo da wuri, akwai mutum biyu da za ka yanka wa fata."

Uwar Guga ta zauna a kujerar awo ta ɗora ƙafa a kan akwati, ta miƙa mini ledar ta ce in ɓare wa kowa. Kawu ya durƙusa da buroshi, garin sauri har ya shafa mata mai a idon sawu.

"A'a, yaro, takalmin na ce, ba ni ba. Ni an riga an gama da ni."

Muka yi ta dariya, har mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Shekara shida ke nan. Dattijo yanzu sau uku yake zuwa a mako, ya zauna ya sha shayi ya kushe gam ɗin zamani, Kawu kuma ya yi ta musu da shi kamar ba shi ne mai shirun nan ba. Kawu ya yi aure bara waccan, ya tashi daga ɗakin kusa da ƙofa ya kama gida a bayan shagon. Malama takan aiko masa da mutane su wuni su ga aikin, wasu su dawo, wasu kuma warin fata ya kore su tun kafin azahar, ita kuma ta ce wannan ma amsa ce. A makon jiya na je gaishe shi na tarar da layi har waje, wani tsohon direba yana zaune ƙafa a kan takarda yana ba shi labarin duk hanyoyin da ya bi. Kawu ya ɗago da fensir a bayan kunne ya ce in shiga ciki wurin matarsa, in ce kada ta jira shi da abinci, don direban bai ko kai rabin tafiyar ba.